Shekarar Tuwon Tsiro

Bangon ɗakina gumi yake yi. Duk shekara in sanyi ya fara janyewa a Guangzhou, sai wata iska mai ɗumi ta taso daga kudu ta jiƙa komai, ko da ba a yi ruwa ba. Madubi ya dushe, daɓe ya yi santsi, rigar da ka shanya ranar Litinin ka same ta ranar Alhamis yadda ka bar ta, sai dai ta ƙara wari. Bana kuma lokacin ya haɗu da azumi.

Na daɗe a garin nan. Ina da ɗan ofis a benen Tianxiu, inda nake haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya ina tura musu, wani ta ruwa, wani ta sama daga filin jirgin Baiyun. A da in azumi ya kama, ofishin ba ya ɗaukar mu. Mutanen Kano, mutanen Maraɗi, kowa ya zo da kwanonsa, a baje tabarma har bakin ƙofa. Yanzu yawancinsu ta waya suke zaɓen kaya. Maƙwabcina Alhaji Mamman na Maraɗi, wanda muka yi shekaru muna shan ruwa tare, ya tattara ya koma gida bara. Matata Rabi ta rasu, 'ya'ya kowa yana gidansa. In lokaci ya yi, waya ce take kira mini salla, in ɓare dabino ni kaɗai, ina kallon fitilun motoci a kan gada cikin hazo.

Ana saura kwanaki a fara azumi wani tsohon abokin cinikina, Laoban Liyang, mai ɗinkin wandon jins a Xintang, ya matsa mini sai na raka shi ganin aikin ɗansa. Ɗan ya ƙi sana'ar ubansa, ya tafi can cikin duwatsu arewa da birni ya kafa wurin yin giya, irin wadda ake kira wuski. Na ce masa ya san ba na sha. Ya yi dariya ya ce ba sha ya kira ni ba, shi ma ba ya son tafiyar ne shi kaɗai, don tun da aka fara aikin maganarsa da ɗan ba ta wuce gaisuwa. Wannan ne ya sa na bi shi.

Ɗan, mutum ne mai natsuwa. Ya zagaya da mu yana bayani da Turancin kasuwa irin nawa. Ya ce tasa giyar hatsi iri ɗaya ne tak, sha'ir, kuma a gida ɗaya ake yin ta tun daga farko har ƙarshe. Yawancin sha'irin daga nesa ake kawo masa, amma ya lallashi wasu manoma na gindin dutsen suna shuka masa kaɗan bayan sun girbe shinkafa, domin yana so a ji ƙasarsu a cikin abin da yake yi. Ya ce bana hankalinsa a tashe yake, don in wannan laimar ta daɗe, sha'irin zai iya tsirowa tun yana gona, kafin a yanke shi. Ina ta gyaɗa kai ne kawai don ladabi, har ya buɗe wani dogon ɗaki inda aka jiƙa hatsi aka baza a ƙasa yana tsiro.

Ƙanshin ne ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Ɗumi-ɗumi, zaƙi-zaƙi, da ɗan warin jiƙaƙƙen buhu a ƙarƙashi. Laoban Liyang ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, na fita na zauna a mota. Ban san yadda zan gaya masa da Turancin jins da kwantena cewa na taɓa kwana na tashi cikin wannan ƙanshi wata da watanni ba.

Ƙauyenmu yana kudancin Kano. A shekarar da nake magana ina cikin gandun mahaifina, Malam Idi, da aurena da 'yata ta fari, Ladidi, tana goye. Mu biyar ne a gidan: Baba, Inna, ni, Rabi da jaririyar. Babbar gonarmu ƙasa ce mai nauyi a gangaren fadama, wadda kakan Baba ya sare. Dawa take so, kuma Baba bai taɓa shuka mata wani abu ba. Geronmu ɗan kaɗan ne, a bayan gida, na tarar yunwar damina kawai.

Damina ta makara. Muka yi shuka, ta ƙone, muka sake. Da ruwan ya zauna kuwa sai ya zauna da kyau. Muka yi noman firi, muka yi maimai, muka yi huɗa, dawa ta tashi baƙi ƙirin har mahayin doki ya shiga ba a gan shi ba. Ta fid da kai, ta yi ido, zangarniya ta sunkuya don nauyi. Baba ba mai yawan magana ba ne, amma wata rana na ji shi yana ce wa Inna a gyara wancan tsohon rumbun ma, za a buƙace shi.

Sai ruwan da ya kamata ya ɗauke ya ƙi ɗaukewa. Lokacin da ake jiran rana ta busar da dawa, sai marka ta dawo. Ba ruwa ne mai ƙarfi ba, yayyafi ne da ba ya gajiya, a kwana ana yi a tashi ana yi. Katangar zaure ta zube ta gefe guda. Itace ya ƙi kamawa, Inna ta hura wuta har idonta ya yi ja. Gishiri ya narke a cikin ƙoƙo. Kullum da safe Baba zai yafa buhu ya tafi gona, ya dawo hannu wofi. Ranar da ya dawo da zangarniya guda a hannu ya ajiye a gaban Inna, muka taru muna kallo. Kowace ƙwaya ta fid da ɗan farin ƙaho. Dawar ta tsiro tun tana kan kara.

Muka kira gayya a yanke abin da za a iya. Mutane suka zo duk da kowa da tasa damuwar, aka shiga taɓo har idon sawu, ana kayar da kara ana yanka ana ɗaure dami yana ɗigar ruwa. Ba kiɗa, ba waƙa, sai ƙarar ƙafa cikin laka. Babu inda za a shanya, don haka muka baza ta a zaure, a ɗakin Inna, a ɗakinmu, har ƙarƙashin gado. Da ta haɗu da ɗumin ɗaki sai ta ƙara tsirowa. Wannan shi ne ƙanshin. Yana cikin tufafinmu, yana cikin gashin Ladidi.

Rana ta fito daga baya, bayan an gama ɓarna. Muka shanya, aka sussuka, aka sheƙe. Rumbu ya cika kamar yadda Baba ya yi fata, sai dai abin da ke ciki ba abinci ba ne sosai.

Wanda bai taɓa cin tuwon tsiro ba ba zai gane ba. Inna za ta yi talge, ta zuba gari, ta tuƙa, ya yi kamar zai ɗaure, sai kana kallo ya saki ya tsinke. Ta ƙara gari, ya sake tsinkewa. Ba a yin malmala da shi, da ludayi ake sha. Ga shi da wani zaƙi mai hawa kai wanda ba ya shiri da miyar kuka, ga ɗacin ruɓa daga baya. Ka sha ka cika ciki, kafin ka kai gona yunwa ta dawo. Na kai buhu kasuwa a kan jaki, masu awo suka damƙa suka sansana suka mayar mini. Rabi ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma nononta ya fara ja baya. Ladidi ta kama, ta saki, ta yi kuka, ta sake kamawa. Daga baya ma kukan ya rage ƙarfi, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali.

A hayin rafi akwai gidan Baba Nomau. Bamaguje ne, sa'an Baba, tare suka yi kiwo suna yara. Ba ya salla, Baba kuma ya daɗe da daina yi masa maganar, amma ba a taɓa yin gayya a gonar ɗayansu babu ɗayan ba. Gonakinsa a jigawa suke, gero ya fi shukawa, kuma ya girbe nasa ya killace tun kafin markar. Matarsa Kande ita ce mai dafa burkutu ta yankin. Ranar kasuwa daga gidanmu kana hango hayaƙin manyan tukwanenta.

Wata safiya Baba Nomau ya zo ya zauna a zaure. Bayan doguwar gaisuwa ya ce ya ji halin da ake ciki, kuma ya zo da magana mai sauƙi. Abin da ya lalace a wurinmu shi ne abin da Kande take wahalar jiƙawa tana rufewa da ganye don ta samu. Ta ce in ta tsince ruɓaɓɓen, sauran zai yi mata. A ba shi dawar, ya ba mu gero, taiki da taiki, ba wanda ya yi wa wani alfarma.

Ina tsugune a gefe, zuciyata ta yi fari. Sai Baba ya ce, "Nomau, na gode. Amma gonar nan tuwo aka san ta da shi tun kakana. Ba a kaina za a fara shan ta a ƙwarya ana tangaɗi ba."

Baba Nomau bai ja maganar ba. Ya ce to, ya yi sallama ya tafi.

Ranar ce na fara ɗaga wa Baba murya a rayuwata, ko da yake ba sosai ba. Na ce masa ba mu za mu dafa ba, ba mu za mu sha ba, ga yarinya tana ƙarewa a gabanmu. Ya ce ya sani, yana da ido. Ya ce wanda ya miƙa wa mahauci wuƙa ya san abin da za a yi da ita. Amma na lura tun daga ranar yake rage nasa kason yana tura wa Rabi, kamar yawan ruwan tuwon ne zai gyara abin.

Inna ba ta sa baki a gabanmu ba. Ita da Rabi suka shiga neman ganye, tafasa busasshiya, zogale, rama, duk abin da zai riƙe ciki. Aka sayar da akuya aka auno gero, ya yi ɗan kwanaki ya ƙare. Aka sayar da ta biyun. Sanyi ya shigo ya same mu a haka.

Sai ga Baba Nomau ya dawo, wannan karon da jakuna, an ɗora musu gero. Bai shiga zaure ba, a waje ya tsaya. Ya ce da Baba, "Idi, ka ce kada a dafa. To ba za a dafa ba. Ko ƙwaya ɗaya ba za ta shiga tukunyar Kande ba, na ɗaukar maka wannan. Sauke geron nan ka ba ni dawar."

Baba ya tambaye shi me zai yi da ita. Ya ce wannan kuma ba ruwan Baba, ai yana da awaki da kaji. Baba ya san Nomau bai taɓa faɗin magana ya canja ba, don haka ya yarda. Muka yi ta jigila har rumbunmu ya koma gero, aka bar mana dawar kaɗan. A daren farko da Inna ta kwashe tuwo ya tsaya a akushi da kansa, ci kawai muka yi ta yi. Cikin 'yan kwanaki nonon Rabi ya dawo. Ladidi ta fara kuka mai ƙarfi irin na da, har Inna tana cewa a bar ta ta yi, daɗin ji gare shi.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo. Nan Guangzhou azumi ba ƙishirwa gare shi ba, nauyi gare shi, kamar an rufe ka da jiƙaƙƙen bargo. Wancan kuwa wuta ne. Kafin hantsi ƙasa ba ta takuwa. Rijiya ta ja baya sai an ƙara igiya. Mu fita sharar gona da asuba mu dawo kafin rana ta take, mu kwanta ƙarƙashin tsamiya da jiƙaƙƙen zane a ƙirji, ba mai iya magana. Leɓe ya tsage, miyau ya kafe. Da la'asar sai ka ji luguden Inna da Rabi, su ma da azumin a bakinsu, ana daka geron kunu. Duk da haka muna cikin masu godiya, don muna da abin dakawa.

A rijiya Inna ta ji maganar. Mata suna cewa Kande ta rame, ta daina fita, kuma jikokin gidan kullum cikinsu a kumbure. Da ma mun lura tun sanyi ba a ga hayaƙin tukwanenta ba, mun ɗauka dawar kirki ce ta yi tsada. Ashe ba awaki ne suke cin dawarmu ba. Geron da Baba Nomau ya kawo mana ba rara ba ne, abincin gidansa ne. Ya ba mu, ya koma yana shan tuwon tsiro shi da iyalinsa, ga kuma hatsin da zai yi giya jibge a rumbu an hana mai sana'a taɓawa.

Inna ta faɗa wa Baba da yamma, rana ta yi ja. Bai jira an sha ruwa ba, ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi. Muka tsallaka rafin, wanda ya zama yashi zalla. Muka tarar da su a tsakar gida an ajiye ƙwarya, yara sun kewaye ta da ludaya. Tun daga ƙofa na gane ƙanshin.

Baba ya tsaya a kansu ya ce, "Nomau, me ka yi haka?"

Baba Nomau ya ce, "Ka ce kada a dafa, ban dafa ba. Ban ce maka zan zubar ba. Hatsi ne."

Kande tana bakin murhu, ba ta ko tashi ta gaishe mu ba. Ta ce wa Baba ya duba tukwanenta can a kife, kaji suna kwana a ciki. Ta ce sana'arta ta bana ta tafi, masu saye sun koma wani gari, duk don kada a ɓata wa gonar wani suna. Ta ce ita ba ta yi wa kowa alkawari ba, a kanta aka yi. Mijinta ya ce ta yi shiru, ta ce ba za ta yi ba.

Rana ta faɗi muna nan. Daga hayinmu muka jiyo ladan sama-sama. Na zaci Baba zai juya mu tafi, don ban taɓa ganin ya ci wani abu a gidan ba, ko ruwa da butarsa yake zuwa. Sai ya naɗe riga ya zauna a ƙasa kusa da yaran, ya miƙa hannu aka ba shi ludayi. Ya yi bisimilla ya sha. Ya miƙo mini na sha. Da shi muka buɗe baki ranar.

Washegari muka raba geron da ya rage gida biyu, muka kai musu rabi, muka kwaso rabin dawar. Baba Nomau ya so ya ƙi, Baba ya ce to shi ma wannan ba ruwansa. Inna ta gano in aka haɗa garin biyu aka rage wuta, tuwon yakan ɗan tsaya, ta aika wa Kande da dabarar, Kande ta aiko cewa ta riga ta sani. Haka gidajen biyu suka ci rabin ƙoshi har tumu ya fito. Kande ta yi shekaru ba ta taka gidanmu ba.

Ni ban daɗe a gandun ba bayan haka. Ba faɗa muka yi da Baba ba, zuciyata ce ta fita daga noma. Na koma Kano na shiga kasuwa, kasuwa ta yi ta tura ni gaba. Gonar tana nan. Wani ɗan kawuna ne yake noma ta, kuma na ji ana cewa motar kamfani ce take zuwa ta kwashe dawar tun a bakin gona. Ban tambayi abin da kamfanin yake yi da ita ba. Duk waɗanda suka zauna a bakin waccan ƙwaryar da wayonsu sun tafi, sai ni. In na so in ce wa wani, ka tuna shekarar nan, babu lambar da zan kira.

A cikinsu Kande ce ta ƙarshe da ta rage. Lokacin da zan fara zuwa ƙasar nan na je ƙauye sallama, na tsallaka na gaishe ta. Baba da Baba Nomau duk sun rasu, ita kuma ido ya tafi, tana zaune a inuwar rumbu. Da na faɗi sunana ta gane ni. Ta tambayi ƙasar da za ni, ko suna noma, na ce ban sani ba tukuna. Sai ta ce, "Ubanka mai taurin kai ne, mijina ya fi shi. Su aka yaba, ni da uwarka muka tuƙa."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce ina yarinyar nan, tana raye? Na ce tana raye, ta zama budurwa, tare ma muka zo, tana can wurin Inna. Ta ce in je in kawo ta.

Na je na kawo Ladidi. Ba ta san dalili ba, ta durƙusa ta gaishe da tsohuwar tana ɗan ɗari-ɗari. Kande ta laluba ta kama hannunta, ta bi shi da yatsu tun daga wuyan hannu har kafaɗa tana matsawa, kamar mai duba tunkiya a kasuwa. Ta shafa kumatunta, ta shafa wuyanta. Ta daɗe ba ta sake ta ba.

Sannan ta ce, "To. Geron bai tafi a banza ba. Tashi ki tafi."